Ciwon afendis ga mai juna biyu: yadda ciki ke ɓoye cutar, da abin da jinkiri ke jawowa

Idan aka cire matsalolin da suka shafi cikin kansa da haihuwa, babu cutar da ta kai ciwon afendis shigar da mace mai juna biyu ɗakin tiyata cikin gaggawa. Alƙaluman asibitocin ƙasashe daban-daban sun nuna ana samunsa a ciki 1 cikin 500 zuwa 1 cikin 2,000, kuma ya fi bayyana tsakanin wata na huɗu da na shida. Adadin ƙarami ne in an kwatanta da zubar jini ko jijjiga, waɗanda ke sahun gaba wajen kashe mata a lokacin haihuwa. Abin da ke sa likitoci tsoronsa shi ne yadda yake sajewa da laulayin ciki na yau da kullum, har ya kwana biyu ko uku yana ɓarna kafin wani ya yi zarginsa. A cikin waɗannan kwanakin ne ake rasa jariri, wani lokaci har da uwar.

Sunan cutar ya danganta da asibitin da mutum ya saba zuwa. A Nijar da Kamaru da Chadi da Benin da Togo, inda takardar likita ke fitowa da Faransanci, «apandisit» ake ji. A Najeriya da Ghana kuma «afendis» ake cewa. Cuta ɗaya ce, kuma yana da kyau iyalin da ke zirga-zirga tsakanin ƙasashen su san sunayen biyu.

Mene ne afendis?

Wani ɗan reshen hanji ne mai kama da ƙaramin yatsa, tsawonsa galibi santimita 8 zuwa 10, yana maƙale a farkon babban hanji, kusa da inda ƙaramin hanji ya haɗu da shi, a ƙasan ciki ta hannun dama. Ƙofa ɗaya gare shi, ƙarshensa a rufe yake kamar lungun da ba ya ɓullewa. Kowa da shi aka haife shi, kuma mutum na rayuwa lafiya lau bayan an cire shi.

Ciwo na farawa ne yawanci idan wannan ƙofar ta toshe. Abin da ke toshe ta na iya zama ɗan dunƙulen bayan gida da ya bushe ya yi tauri, ko kumburin ƴan kaluluwar da ke jikin bangon hanjin, wani lokaci ma tsutsar ciki. Da zarar ta toshe, majina ta taru a ciki ba mafita, ƙwayoyin cuta su hayayyafa, reshen ya kumbura har jini ya kasa ratsa bangonsa. Bangon da jini ba ya kaiwa ruɓewa yake yi, daga nan sai fashewa. Mugunya da dattin hanji su malala cikin ciki, tantanin da ya lulluɓe kayan ciki ya kumbura, guba ta shiga jini. Haɗarin fashewa kaɗan ne a yinin farko, amma bayan awa 36 da fara ciwo sai ya riƙa ƙaruwa da kowane rabin yini.

Jama'a da yawa sun yi imanin cewa tsakuwar da ake taunawa cikin shinkafa ko wake, ko ƙwallayen gwaba, su ke taruwa a wurin. Mai yiwuwa dunƙulen nan mai tauri da likitoci kan nuna wa dangi bayan aiki ne ya ƙarfafa zancen, domin kuwa yana kama da tsakuwa. Amma a cikin hanjin ya samu, ba daga tukunya ya zo ba. Ba safai ake tarar da ƙwallon ɗan itace a afendis ɗin da aka cire ba.

Yawansa a duniya, da abin da ake gani a Afirka

A ƙasashen Turai da Amurka, kimanin mutum 7 zuwa 8 cikin 100 za su gamu da ciwon afendis a tsawon rayuwarsu. Wani babban lissafi da aka wallafa a Amurka a 1990 ya ba da kashi 8.6 cikin 100 ga maza, kashi 6.7 ga mata. Ya fi kama masu shekara 10 zuwa 30, wato daidai shekarun da mafi yawan matan yankin Sahel ke yin haihuwarsu. Ƙiyasin masu bibiyar cututtuka a duniya na shekarar 2019 ya kai mutum miliyan 17 da ɗoriya da suka kamu a wannan shekara kaɗai, sama da 33,000 kuma suka mutu.

An daɗe ana cewa cutar Turawa ce. Denis Burkitt, likitan tiyata ɗan Ireland da ya yi shekaru yana aiki a Uganda, ya rubuta a 1971 cewa da wuya a ga afendis a ƙauyukan Afirka, ya kuma danganta hakan da abinci mai dusa da ganye da ke sa bayan gida laushi. A ganinsa, duk inda farin burodi da sukari da gari mai tsananin tacewa suka shiga, cutar za ta bi su. Har yanzu masana ba su rufe muhawara kan wannan bayani ba, amma an ga yawan cutar na hauhawa a ƙasashen da birane ke bunƙasa cikin sauri, a Asiya da Kudancin Amurka da Gabas ta Tsakiya da sassan Afirka. Wanda ya kwatanta tuwon gero da miyar kuka na ƙauye da abin da ake karyawa da shi a unguwannin Yamai ko Garwa ko Kumasi, ba zai yi mamaki ba.

Akwai kuma abin lura game da tsofaffin alƙaluman. Asibiti yana ƙirga wanda ya iso ne kawai. Matar da cikinta ya kumbura ta rasu a ƙauyen da ke da tafiyar yini zuwa ɗakin tiyata ba ta shiga littafin kowa, sai dai a ce ciwon ciki ya kashe ta. Don haka ƙarancin cutar a takarda bai isa ya sa ungozoma ko dangi su cire ta daga lissafi ba.

Shin ciki ne ke jawo shi?

A'a. Wannan tambaya an bincike ta da kyau. Wani nazari da aka yi da rajistar asibitocin Suwidin, aka wallafa a 2001, ya gano cewa masu juna biyu sun fi sauran mata ƙarancin kamuwa da afendis, musamman a watanni ukun ƙarshe. Wani kuma daga Ingila a 2015 ya samu ragin kusan kashi 35 cikin 100 a lokacin goyon ciki, shi ma mafi ƙanƙanta a ƙarshen cikin. Ana zaton sauyin da ciki ke yi wa garkuwar jiki ne dalili.

To me ya sa ake ta maganarsa? Saboda idan ya zo, ya fi samun damar fashewa kafin a gano shi, kuma rai biyu ne a kan layi. Tun a 1908 wani likitan Amurka mai suna Edmund Babler ya kammala cewa mace-macen da afendis ke jawowa ga masu ciki, jinkiri ne asalinsu. Shekara ɗari da ɗoriya bayan haka, kayan aiki sun canja ƙwarai, hukuncin nasa bai canja ba.

Yadda ciki ke rufe alamomin

Ga wanda ba shi da ciki, afendis na da tafiyar da likitoci suka sani. Ciwo ya fara a kewayen cibiya ko saman ciki, mara takamaiman wuri. Sha'awar abinci ta ɗauke, tashin zuciya ya biyo, wataƙila amai sau ɗaya ko biyu. Bayan wasu awoyi ciwon ya sauka ƙasan ciki ta dama ya tsaya cak, ya riƙa tsananta da tari ko tafiya ko gargadar hanya. Zazzaɓi mara zafi sosai kan biyo baya. Wurin da ya fi zafi idan an danna yana tsakanin cibiya da ƙashin ƙugu na dama, shi ne wurin da Charles McBurney na New York ya bayyana a 1889, shekara uku bayan Reginald Fitz na Boston ya raɗa wa cutar sunan da ake kiranta da shi yau.

Yanzu a ɗora wannan a kan mace mai cikin wata biyu ko uku. Tashin zuciya, amai, ƙin abinci, kasala: duk gidan ya san sunansu laulayi. A wata na huɗu da na biyar kuma, jijiyoyin da ke riƙe da mahaifa suna miƙewa, su kan yi suka a gefen mara, sau da yawa ta dama, idan mace ta juya ko ta miƙe da sauri. Uwar miji da ta haifi goma za ta ce ita ma ta yi irinsa, kuma gaskiya ta faɗa. Bambancin shi ne ciwon jijiya na zuwa ya wuce cikin daƙiƙoƙi ko mintoci, hutawa na kwantar da shi. Na afendis ba ya tafiya, ƙaruwa yake yi daga awa zuwa awa. Haka nan amai da ya dawo bayan laulayi ya riga ya wuce, tare da ciwo a wuri ɗaya, ba laulayi ba ne.

Girman mahaifa na ƙara dagula lamarin. Tana ɗaga fatar ciki nesa da hanji, ta yadda hannun likita ba ya isa wurin da ke ciwo kai tsaye, kuma cikin ba ya ƙanƙamewa ya yi tauri kamar yadda aka saba gani. Tana kuma ture mayafin kitsen nan da ke lulluɓe hanji, wanda duk mahauci ya san shi. A jikin wanda ba shi da ciki, wannan kitse kan je ya naɗe afendis ɗin da ya fashe, ya tsare mugunyar a wuri ɗaya. A ƙarshen ciki ba ya samun hanyar isa, sai dattin ya bazu ko'ina.

Game da wurin ciwon, littattafan likitanci sun daɗe suna koyar da abin da wasu likitocin Amurka suka wallafa a 1932, cewa mahaifa na tura afendis sama har kusa da haƙarƙari a watannin ƙarshe. Binciken baya-bayan nan ya rage wa zancen ƙarfi. Hotunan na'ura sun nuna yana ɗan hawa, amma wani nazari na shekarar 2000 ya samu cewa a kowane matakin ciki, ƙasan ciki ta dama ne wurin da mafi yawan matan suka nuna. Abin da za a riƙe shi ne ciwon na iya kasancewa a ƙasa, ko a tsakiyar gefen dama, ko a kwiɓi, kuma ko ɗaya daga cikinsu bai kore afendis ba.

Ko gwajin jini ma ciki na rage masa amfani. Fararen ƙwayoyin jini, waɗanda yawansu ke nuna kumburi a jiki, ba su cika wuce 11,000 a ma'aunin da ɗakunan gwaji ke amfani da shi ba ga mai lafiya. Ga mai ciki lafiyayya suna iya kai 16,000, a lokacin naƙuda ma har 25,000.

Cututtukan da ke kama da shi

Jerin na da tsawo, kuma wasu daga cikinsu sun fi afendis saurin kisa. A farkon ciki, babban abin tsoro shi ne cikin da ya zauna a wajen mahaifa, cikin bututun ƙwai: ciwo a gefe ɗaya, ɗigon jini, jiri ko suma. Shi ya sa duk macen da ke shekarun haihuwa ta zo da ciwon ƙasan ciki, gwajin ciki ake fara yi mata, kuma ɓoye ranar al'adar ƙarshe saboda kunya na iya karkatar da likita. Akwai murɗewar ma'ajiyar ƙwai, akwai ƙarin mahaifa da kan yi ciwo idan ciki ya girma, akwai tsakuwar matsarmama. Ciwon ƙoda da ke tasowa daga sanyin mafitsara ya fi kama gefen dama ga masu ciki, abin takaici kuma afendis da ya kumbura kusa da bututun fitsari na iya sa gwajin fitsari ya nuna alamar cuta, a ba mace maganin sanyi ta koma gida. A ƙarshen ciki, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama tare da ciwon kai da hawan jini na iya zama share fagen jijjiga, ciwo mai tsanani da taurin mahaifa kuma na iya zama rabuwar mabiyiya.

Yankin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya na da nasa ƙarin. Taifot na huda hanji, kuma yana cikin manyan dalilan buɗe ciki na gaggawa a asibitocin Sahel. Mai amosanin jini kan yi ciwon ciki idan cutar ta tashi. Sai babbar mai rufe ido, zazzaɓin cizon sauro. A lokacin damina mutane da yawa, har da masu ciki, na ɗauke da ƙwayar cutar a jininsu ko da ba ita ke damunsu ba. Gwaji ya nuna tana nan, a rubuta magani, kowa ya samu natsuwa, alhali abin da ke ciwo na can yana ruɓewa. Samun maleriya a jini bai hana a duba ciki da hannu ba, kuma matar da ta sha maganin maleriya yini guda ciwon gefen dama bai ragu ba, komawa asibiti ya kamace ta a ranar.

Na'urar da aka fi farawa da ita ita ce ekografi, wadda ake kira sikanin a Najeriya da Ghana. Ba ta da illa ga jariri, tana nuna ko cikin na cikin mahaifa, tana kuma iya nuna afendis da kaurinsa ya wuce milimita 6. Matsalarta, sau da yawa ba a ganin afendis ɗin sam, musamman idan ciki ya tsufa, kuma rashin ganinsa ba shaidar lafiyarsa ba ce. Inda ake da na'urar IRM, wadda masu Ingilishi ke kira MRI, ita ce mafi dacewa ga mai ciki, sai dai a manyan birane kaɗan ake samunta, da tsada. A yawancin asibitocin gundumomi, hannun likita da sake duba mara lafiya bayan ƴan awoyi su ne ke yanke hukunci. Wannan ne dalilin da ya sa ake kwantar da mace «don a sa ido», abin da dangi kan ɗauka ɓata lokaci ne har su nemi sallama.

Tsoron tiyata

Da zarar likita ya ambaci aiki, tambayar farko daga miji ko uwa ita ce: jaririn fa? Tambaya ce da ta dace, kuma akwai alƙaluman amsa ta. Wani nazari da aka wallafa a 2007 ya bi bayanan mata masu ciki fiye da 3,000 da aka cire wa afendis a jihar Kalifoniya ta Amurka. Inda aka cire shi kafin ya fashe, an rasa ciki a kashi 2 cikin 100, an haihu kafin lokaci a kashi 4. Inda ya riga ya fashe ko ya tara mugunya, asarar ciki ta kai kashi 6, haihuwa kafin lokaci kashi 11. Wannan a ƙasar da ke da ɗakunan kula da bakwaini da magunguna a wadace ke nan. Tsofaffin rahotanni, daga lokacin da kulawa ba ta kai haka ba, sun ba da asarar ciki kashi 20 zuwa sama bayan fashewa.

Nazarin ya nuna wani abu kuma da bai kamata a ɓoye ba. Kusan kashi 23 cikin 100 na matan da aka yi wa aikin, an tarar afendis ɗinsu lafiya lau, kuma a cikinsu ma an rasa ciki a kashi 4. Ke nan buɗe ciki ba tare da dalili ba shi ma yana da farashi. Likita na tsakanin kuskure biyu ne, ya yi aikin da ba a buƙata ko ya jira har abu ya fashe, kuma na biyun ya fi muni nesa ba kusa ba. Iyalin da aka ce musu an buɗe ba a samu afendis mai ciwo ba, ba lallai ne an cuce su ba.

Magungunan sa barci da ake amfani da su yau, a adadin da aka saba, ba a same su da jawo nakasa ga jariri ba, kuma ƙungiyoyin likitocin mata sun yi ittifaƙi cewa ba a ɗage aikin gaggawa saboda ciki, ko a wane wata yake. Ana iya yin aikin ta hanyar yanka, ko ta ƴan ƙananan huda da kyamara, dabarar da wani likitan mata na Jamus, Kurt Semm, ya fara cire afendis da ita a 1980. Idan ciki ya wuce wata biyar akan ɗan karkatar da mace ta hagu a kan teburin aiki don kada nauyin mahaifa ya danne manyan jijiyoyin jini. Ana sauraren bugun zuciyar jariri kafin aiki da bayansa. In ana fargabar naƙuda za ta taso tsakanin mako na 24 da na 34, akan yi allurar da ke gaggauta ƙosawar huhun jariri.

Cire afendis ba ya nufin a fitar da jariri a lokaci guda. Galibi ana barin cikin ya ci gaba, kuma tabon aikin ba ya hana mace haihuwa da kanta idan lokaci ya yi, tunda ba a taɓa mahaifa ba.

Wasu sun ji labarin cewa yanzu ana warkar da afendis da maganin kashe ƙwayoyin cuta kaɗai. Akwai ƙamshin gaskiya: manyan gwaje-gwaje a Finland a 2015 da Amurka a 2020 sun nuna hakan na yiwuwa ga wasu manya da nasu bai fashe ba, ko da yake a na Finland kusan 4 cikin 10 sun ƙare da tiyata cikin shekara biyar. Amma duka gwaje-gwajen biyu ba su sa masu juna biyu a ciki ba. Ga mai ciki, tiyata ce hanyar da aka fi amincewa da ita har yanzu.

Inda awoyin ke zubewa

Masu nazarin mutuwar mata wajen haihuwa na amfani da wani tsari da Sereen Thaddeus da Deborah Maine suka fitar a 1994, na jinkiri kashi uku: jinkirin yanke shawarar zuwa asibiti, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Afendis na bin wannan hanya sak.

Na farko shi ne mafi tsawo, kuma a cikin gida yake faruwa. Amarya mai cikin fari ba ta son a san tana da ciki, balle ta yi ƙorafi gaban surukai. Miji na ci-rani a Kwatano ko Abijan ko Libiya, ba a fita sai da izininsa, waya kuma ba ta shiga. Kafin nan an jiƙa kanwa, an dafa sassaƙe, an sayo ƙwayoyi wajen mai tallar magani. Maganin wankin ciki ba ya buɗe afendis da ya toshe, wahala kawai yake ƙara wa hanjin da ke ciwo. Diclofenac da ibuprofen na danne zafi da zazzaɓi, ga shi kuma ba a son mai ciki ta sha su, musamman daga tsakiyar ciki zuwa ƙarshe, saboda illarsu ga ƙoda da jijiyoyin zuciyar jariri. Tramadol na kan titi na iya kwantar da ciwon har dare ya wuce. Akwai kuma tarkon da cutar kanta ke ɗanawa: a daidai lokacin da afendis ya fashe, zafi kan lafa na ɗan lokaci saboda matsin ya saki. Gida ya yi hamdala, bayan wasu awoyi ciki ya ɗauki zafi gaba ɗaya.

Na biyu ya shafi sanin inda za a nufa. Ƙaramin asibitin unguwa ko na ƙauye, irin wanda ake kira CSI a Nijar, ba shi da ɗakin tiyata. Aikinsa ya gane haɗari ya tura gaba, zuwa asibitin gunduma ko na jiha. Nijar ta ɗauki matakin horar da likitocin gama-gari aikin tiyatar gaggawa don asibitocin gundumomi, abin da ya matso da irin wannan aiki kusa da karkara. Duk da haka tazara na nan. Kwamitin mujallar Lancet kan tiyata ya ƙiyasta a 2015 cewa mutum biliyan 5 a duniya ba su da hanyar samun tiyata mai aminci da araha a lokacin da suke buƙata, ya kuma sa ma'aunin cewa ya kamata aƙalla kashi 80 cikin 100 na jama'ar kowace ƙasa su iya isa inda ake buɗe ciki cikin awa biyu.

Sai kuɗi. Ƙasashe da dama na yankin sun sauƙaƙa wa masu ciki: Nijar da Mali sun mayar da tiyatar haihuwa kyauta tun 2005, Ghana ta shigar da kula da masu ciki cikin inshorar lafiya kyauta a 2008, Benin ta bi sahu da tiyatar haihuwa a 2009, a arewacin Kamaru kuma akwai takardar «chèque santé» ta sefa 6,000. Waɗannan tsare-tsare an gina su ne a kan awo da haihuwa. Afendis ciwon hanji ne, don haka ya kamata iyali su tambaya tun a wurin awo abin da takardarsu ta ƙunsa, musamman baƙin da ke zaune a ƙasar da ba tasu ba. Ba a fafe gora ranar tafiya: ɗan abin da aka ajiye, da sanin wanda zai ba da jini, da wanda zai sa hannu idan miji ba ya nan, duk tun ciki na ƙarami ake shirya su.

Ga Hausawan da ke zaune cikin wasu al'ummomi akwai ƙarin shinge, na harshe. Kalmar «ciki» ɗaya ce ga tumbi da juna biyu, kuma «ciwon ciki» na ɗaukar komai, daga ƙwannafi har naƙuda. Idan ɗan rakiya ya fassara wa ma'aikacin da ke jin Faransanci ko Larabcin Chadi ko Twi da kalma biyu, rabin labarin ya zube a hanya. Abin da likita ke nema shi ne a gaya masa lokacin da ciwon ya fara, inda ya fara, ko ya canja wuri, ko ciwo ne ya riga amai zuwa, ko yana zuwa yana tafiya kamar naƙuda ko a tsaye yake, da duk abin da aka sha, na asibiti da na gargajiya. Matar ta nuna wurin da yatsa ɗaya da kanta. A riƙo katin awo. Kada kuma a ba ta abinci ko kunu a hanya «don ta samu ƙarfi», domin ciki cike na da haɗari wajen sa barci, kuma yana iya sa a ɗage aikin na wasu awoyi.

Bayan aiki

Kwanakin farko na buƙatar ido. Wani bincike da aka yi a ƙasashen Afirka 25 kan marasa lafiya fiye da 11,000, wanda Lancet ta wallafa a 2018, ya nuna cewa mafi yawan waɗanda suka mutu bayan tiyata ba a kan teburin aiki suka mutu ba, a kwanakin da suka biyo baya ne, lokacin da matsala ta taso ba a lura da wuri ba. Ga mai ciki, abubuwan da mai jinya za ta sanar nan take su ne murɗawar mara da ke dawowa a kai a kai, jini ko ruwa daga gaba, raguwar motsin jariri, zazzaɓi, kumburin ciki, da kumburi ko ciwo a ƙafa ɗaya. Ciki da tiyata duka na sa jini saurin daskarewa a jijiya, shi ya sa ma'aikata ke matsa wa mace ta tashi ta taka tun washegari, ko da dangi na ganin rashin tausayi ne. Haɗarin naƙuda kafin lokaci ya fi yawa a makon farko, daga nan ya ragu.

Game da haihuwa a gaba, cire afendis da bai fashe ba ba ya hana mace sake ɗaukar ciki. Ko wanda ya fashe ma, wani nazarin Suwidin na 1999 kan matan da abin ya same su tun suna yara bai ga raguwar haihuwa a tare da su ba. Wasu binciken dai sun ga ɗan ƙarin yiwuwar ciki a wajen mahaifa ga matan da aka taɓa yi wa aikin, don haka yana da kyau a ambaci tsohon aikin a awon farko, a kuma yi ekografi da wuri.

Cutar kan zo ma bayan an sauka. A makonnin jego fatar ciki a sake take, ba ta yin taurin da zai ja hankali, ciwon mara kuma kowa na ɗaukarsa na bayan haihuwa ne, a ƙara ruwan zafi da kunun kanwa. Ciwon bayan haihuwa a tsakiyar mara yake, yana tashi lokacin shayarwa, yana raguwa cikin kwana biyu zuwa uku. Wanda ya koma gefen dama, yake ƙaruwa, ya zo da zazzaɓi ko amai, na ɗakin gaggawa ne, ko da ranar suna ce.